Makarantar Lahadi: abin da masu koyar da yara suka gano a Magarya da Dungas

Gundumomin Magarya da Dungas suna cikin yankunan da suka fi cikar jama'a a jahar Damagaram. Ƙidayar shekara ta 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a Magarya, da sama da 350,000 a Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma a 2011. Kusan rabin wannan jama'a yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka duk wanda ya san wata dabara ta koyar da yaro ya cancanci a saurare shi, ko daga makarantar allo ya fito, ko daga lakwal, ko daga majami'a.

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba, amma sun daɗe a wannan yanki. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga nan aikinsu ya kai Tsibiri da Dungas, kuma su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950. A farkon shekarun 1960 majami'un da suka kafa suka haɗu cikin ekilisiya ta ƴan ƙasa, wadda ake kira EERN. A irin waɗannan majami'u akwai wani aiki da ba a cika jin labarinsa ba, wato makarantar Lahadi, inda ake ware yara a ƙarƙashin rumfa ko inuwar itace, a ba su darasi daidai da hankalinsu.

Asalin wannan makaranta yaƙi da jahilci ne. A 1780, a birnin Gulosta na ƙasar Ingila, wani mai buga jarida, Robert Raikes, ya ga yaran talakawa suna aikin masana'anta kwana shida a mako, ba su da hutu sai Lahadi. Sai ya sa aka riƙa tara su a wannan rana ana koya musu karatu. Daga can al'adar ta bazu cikin duniya har ta iso ƙasar Hausa.

Harshen uwa shi ne mabuɗi

Babban abin da malaman wannan makaranta suka gano shi ne yaro ba ya riƙe abin da bai fahimta ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin rubutun boko a 1932, kuma da Hausa ake karantar da yaran majami'a tun farko. A wannan zamani kuwa lakwal ta Turawan mulkin mallaka Faransanci kaɗai ta sani, har akan hukunta ɗalibin da aka ji yana magana da harshen gidansu. Yaron da ya ji labarin Yusufu da ƴan uwansa, ko na Nuhu da jirginsa, da harshen da mahaifiyarsa take yi masa tatsuniya, yakan koma gida ya maimaita shi ba tare da ya zubar da kome ba. Idan aka nuna masa wannan labari a rubuce, sai baƙaƙen su zama abokansa, domin ya riga ya san abin da suke faɗa.

Hukuma ma ta kai ga wannan fahimta. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne littattafai da malaman da aka horar.

Darasi kaɗan, maimaici da yawa

Malamin makarantar Lahadi ba ya samun ɗalibansa sai sau ɗaya a mako, na ɗan lokaci. Wannan ƙarancin lokaci ya tilasta masa tsari. Yakan raba ƙanana da manya, ya zaɓi labari guda da aya guda ta haddacewa, ya haɗa da waƙa da tafi, sa'an nan ya yi tambaya don ya ji abin da ya shiga. Mako mai zuwa da abin da ya wuce ake farawa. Bulala ba ta da amfani a nan, gama yaron da aka doka ba zai dawo ba, kuma babu rajistar da za ta tilasta shi. Sakin fuska da sanin sunan kowane yaro su ne suke riƙe aji.

Haka kuma dole malami ya san zaman garin. Da damina yara suna gona ko kiwo, ƴan mata suna ɗiban ruwa da talla. Da rani iyaye maza da yawa sun tafi ci-rani Kano ko Maigatari. A watannin da rumbu ya yi ƙasa, yaro mai jin yunwa ba ya sauraro. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke karatu da asuba da kuma dare a bakin wuta. Masu tsara lokutan azuzuwan yaƙi da jahilci a Bande, Waca, Guci ko Malawa suna da abin dubawa a nan.

Yaro amana ne

A garin da Musulmi da Kirista suke shan ruwan rijiya ɗaya, malamin kirki ba ya karɓar ɗan maƙwabci a ajinsa ba da sanin mahaifinsa ba, kuma ba ya koya wa yaro raina addinin wani. Wanda ya kiyaye wannan ya kiyaye zumunci. Mun ga abin da rashin haƙuri yake haifarwa a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka yi hasarar rayuka. Yaran da suka ga wannan hayaƙi yanzu samari ne. Abin da aka shuka a zukatansu, a majami'a ko a tsangaya, shi ƙasa za ta girba.

Ya ku ƴan uwa da kuka ci jarrabawar yaƙi da jahilci, wannan dabara ba ta buƙatar gini ko kuɗi. Wanda ya iya karanta wannan shafi yana iya tara ƴaƴansa da na ƴan uwansa, maza da mata, sau ɗaya a mako: ya ba su labari, ya rubuta kalma uku a allo ko a ƙasa, ya tambaye su mako mai zuwa. Su kuma shugabannin gundumomi da masu duba makarantu, ya dace su riƙa gayyatar malaman allo da na majami'a zuwa tarurrukan horar da malamai, kowa ya kawo abin da ya sani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.