Ido Kafin Hannu: Koyar da Zanen Bin Gefe

'Yan'uwana mata, musamman malaman makaranta da iyayen yara masu koyon zane, yau zancenmu a kan wani darasi ne da kan sa uwa ta ce malama na ɓarnar takarda. Yarinya ta komo gida da hoton buta, baki a gabas, mariƙi a yamma. To, kada ki yi mata dariya. Dariyar nan ce ke sa yarinya ta ajiye fensir, ta ce ita ba ta da hannun zane, alhali kuwa idonta ne ba a horar ba tukuna.

Darasin shi ne zanen bin gefe. Wanda ya shahara da koyar da shi wani malami ne a birnin Niyok na Amurka, Kimon Nikolaidis, wanda littafinsa ya fito a 1941, shekara 3 bayan mutuwarsa.

Ga yadda za ki yi. Ki ajiye wa ɗaliba ludayi, ko ganyen mangwaro, ko kuwa ta buɗe tafin hannunta. A manne takarda a tebur don kada ta zame. Ta kafa ido a wuri guda a gefen abin, ta ɗora bakin fensir bisa takarda, ta ɗauka kamar abin ne fensirin ke taɓawa. Sa'an nan ido ya bi gefen sannu sannu, kamar tafiyar tururuwa, hannu na biye da shi. Ba duban takarda, ba gogewa. Gefe kuwa ba na waje kaɗai ba ne, har da layukan tafin hannu da jijiyar ganye. Minti 20 ya isa a fara.

Me ya sa ake hana duban takarda? Domin kowa na da hotunan da ya haddace tun yana ƙarami, watau hannu sanda biyar, fuska ƙwallo. Da ta sunkuya, haddar za ta zana, ba abin da ke gabanta ba.

Kada ki ce layi aikin maza ne. Uche Okeke, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, wajen mahaifiyarsa ya nemi sanin uli, zanen layi da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ke ma kin ga hannun mai lalle, ba ya rawa. Bambancin kawai, ita daga ka take zanawa, ɗalibarki kuwa daga ido.

Ki rubuta kwanan wata a takardar farko, ki adana. Bayan wata guda ki jera ta da ta ƙarshe, ki kira yarinyar ta duba da kanta. Allah ya ba da sa'a, amin.