Kafin A Yanke Ƙyalle, Wa Ya Gwada Aikin?

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo, maƙwabciyar Kaugama, ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, bayan garambawul da aka yi masa a ƙarƙashin shirin TRIMING da rancen Bankin Duniya. Fili ne da ya haura hekta 5,000. Ranar biki ita jama'a ke gani, amma babban aiki irin wannan yana da wani zango kafin bikin, wanda ba a gayyatar maroƙa: zangon gwaji, inda ake kunna kowace na'ura a tabbatar tana yin abin da aka saye ta dominsa.

Ruwan da ke shiga gonakin nan daga nesa yake. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 ne ke sako shi cikin kogin Haɗejiya, shingen da ke kusa da Auyo ya tare shi, ya juya shi cikin babban magudani, daga nan ya rarrabu zuwa ƙanana har bakin gona. Kowace mahaɗa tana da ƙofa, kuma ƙofa ɗaya da ta cije ta isa ta hana ɗaruruwan manoma ban ruwa.

Shi ya sa gwajin ke tafiya daki-daki. Tun ana zuba kankare ake ɗiban samfuri a ƙananan akwatuna, a murƙushe shi da inji bayan kwana 7, a sake bayan kwana 28, don a san ko ɗan kwangila ya yi ƙwauron siminti. Ƙofofin ƙarfe kuwa ana fara gwada su babu ruwa: a ɗaga, a sauke, a saurari ƙarar injin, sannan a ɗauke wuta da gangan a ga ko janareta zai karɓa, a kuma murɗa hannun da aka tanada don ranar da babu wuta babu mai. Sai an gamsu ake sakin ruwa, shi ma kaɗan-kaɗan, domin sabon magudani da aka cika farat ɗaya yana iya tsagewa. Ma'aikata na bin gefensa da ƙafa suna neman damshi a bayan bango, wanda shi ne alamar yoyo.

Gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne na wutsiyar magudani. Manomin da ke kusa da bakin ruwa ba ya rasa ruwa ko da aikin gurgu ne. Na can ƙarshe shi ne alƙali. Idan aka buɗe ƙofofi gaba ɗaya, kamar yadda za a yi a tsakiyar rani lokacin da alkama da shinkafa ke neman ruwa tare, ruwa ya isa gare shi daidai adadin da aka zana, to aiki ya yi. A wannan yanki akwai ƙarin jarrabawa da takarda ba ta kamawa, wato ciyawar kachalla, wadda ke toshe hanyoyin ruwa tun daga Haɗejiya har Nguru.

Kada wani ya ce matsalar ƙasashe masu tasowa ce kawai. Sabon filin jirgin saman Balin a Jamus an shirya buɗe shi a watan Yunin 2012, aka fasa ana saura 'yan makonni saboda na'urorin kariyar gobara da zuƙe hayaƙi ba su samu amincewa ba. Bai buɗe ba sai Oktoban 2020. Jamusawa sun sha kunya, sun yi asara, amma ba su zuba fasinjoji cikin ginin da ba su yarda da shi ba.

Ƙa'idar ba ta canzawa in aikin ya ƙanƙanta. Mai sayen randa ma sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji amonta kafin ya biya. Rijiyar burtsatse mai sola da aka haƙa wa ƙauye ya kamata a bar famfonta yana jan ruwa ba tsayawa, galibi awa 24 ko fiye, ana auna yadda ruwan ƙasa ke sauka da yadda yake dawowa. A kai ruwan ɗakin gwaji a duba ko zai shawu. A matsa bututu da ƙarfin da ya zarce na kullum a ga ko zai fashe. Abin takaici, sau da yawa tanki ake cikawa ana gobe manyan baƙi za su zo, a murɗa famfo ruwa ya zubo a yi tafi, bayan wata biyu mata su koma tsohuwar rijiya.

Akwai kariya a cikin kwangilar kanta da mutane da yawa ba su sani ba. Yawanci ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, sau da yawa kashi 5 cikin 100, kuma duk abin da ya lalace cikin wa'adin gyara, wanda ya kan kai shekara guda, shi zai gyara da kuɗinsa. Wajibi ne kuma ya miƙa zanen aikin yadda aka gina shi a zahiri, da littafin sarrafa na'urori, ya koya wa waɗanda za su riƙe su.

Don haka dagatai, kansiloli da shugabannin ƙungiyoyin masu ban ruwa a Kaugama, Auyo da Malam Madori, duk aikin da aka kawo muku ku nemi a yi gwajin a gabanku, ku nemi kwafin sakamakon mai ɗauke da sa hannun injiniya. Duk ɓarakar da ta bayyana ku rubuta ta da kwanan wata, ku kai wa hukumar da ta ba da kwangilar tun wa'adin gyara bai ƙare ba.