Kamara a kan madubin awo: yadda hoton jinin bisa ke isa hannun likita

Saniya ta rame, gashinta ya tashi, tana cin ciyawa amma ba ta yin jiki. Wani zai ce sammore ne, wani ya ce ciwon hanta, wani kuma tsutsar ciki. Dukansu suna ramar da bisa, amma kowanne da maganinsa. Wanda ya sayi allura a kasuwa bisa zato yana iya asarar kuɗinsa, ya kuma yi asarar saniyar. Abin da ke raba gardama shi ne awon jini da na kashi a ƙarƙashin madubin awo, wanda likitoci ke kira mikiroskof.

A da, sai wanda ya sa idonsa a madubin ne kaɗai ke ganin abin da ke ciki. Yanzu ana ɗaura masa kamara, ko a kafa ta salula a bakin inda ake leƙawa. Ma'aikacin kiwo da ke Dakoro ko Tanut yana iya ɗaukar hoton ya tura wa likitan dabbobi, ko ya nemi shawarar LABOCEL, babban ɗakin awon bisashe da ke Yamai.

Yaya hoton ke samuwa?

Ana shafa ɗigon jini a kan ɗan gilashi, a busar, a rina shi da wani ruwa mai suna Giemsa don ƙwayoyin su fito. Fitila tana haskowa daga ƙasa, hasken ya ratsa jinin, ya bi ta gilasan madubin da ke ƙara girman abu har sau 1000. Daga nan sai ya sauka a kan wani ɗan faranti da ke cikin kamarar, wanda bai kai farce girma ba.

Farantin nan an yanka shi gida-gida, miliyoyin gidaje, kowanne ana ce masa fiksel. Ku ɗauka ƙore ne aka jera a fili ana ruwan sama: wata ta cika, wata rabi, wata ɗan kaɗan. Haka kowane gida ke tara hasken da ya faɗo masa, ya mai da shi lantarki. Kamara ta auna na kowane gida ta ba shi lamba, lambobin nan ne suke haɗuwa su zama hoto. Gidajen ba su san launi ba, shi ya sa aka rufe kowanne da matacin ja, ko kore, ko shuɗi, kamarar kuma ta lissafa sauran. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro irin wannan faranti na farko a Amurka a 1969, aka ba su kyautar Nobel a 2009.

Me ake gani, me ba a gani?

Ana auna waɗannan halittu da mikiron, wato milimita 1 a raba ta 1000. Ƙwayar sammore ba ta cika wuce mikiron 30 a tsawo ba, kuma a ɗanyen jini ana ganinta tana wutsil-wutsil tsakanin ƙwayoyin jini, don haka ɗan gajeren bidiyo ya fi hoto amfani. Ƙwan tsutsar ciki ya kai wajen mikiron 80, na tsutsar hanta kuma ya ninka haka. Ana ganin cututtukan da kaska ke sakawa a cikin jini. Amma madubin da ke aiki da haske ba ya rarrabe abin da bai kai mikiron 0.2 ba. Ƙwayar annobar awaki da tumaki da ake kira PPR tana buƙatar wani awo daban, kuma rigakafi ne garkuwarta. Duk tsadar kamara, ba za ta nuna abin da gilashin madubi bai kawo mata ba.

Rabon makiyayi a cikin aikin

Kamara tana ɗaukar abin da aka ɗora a gilashi ne kawai, don haka rabin aikin yana hannunku.

A ɗebi jini kafin a yi allura. Idan an riga an yi wa bisa Berenil, ƙwayoyin sammore suna ɓacewa daga jini, awo ya nuna babu kome. Idan kun riga kun ba da magani, ku faɗa wa ma'aikaci sunansa da ranar da aka ba da shi.

A ɗebi jinin lokacin da jikin bisa ke da zafi. Sammore yana yawa a jini ya ragu, ya sake dawowa, don haka awo ɗaya da bai nuna kome ba bai wanke bisa ba. Idan ramar ta ci gaba, a sake.

Kashi ya zama sabo, a ƙulle shi a leda, a fitar da iska, a ajiye a sanyi, a kai shi a ranar. A cikin zafi ƙwan tsutsa yana saurin ƙyanƙyashewa, lissafi ya ɓaci.

Bisar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci namanta. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum. A kira ma'aikaci ya zo da kansa.

Ga masu tura hoto kuma: WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, gara a tura shi a matsayin takarda. A haɗa da irin bisar, shekarunta, garin da take, da girman da aka sa madubi.

Ƙungiyar makiyaya da ke shawarar haɗa kuɗi ta fara da madubi mai gilasai masu kyau, da ruwan rini, da horar da mutum ɗaya da zai riƙa shafa jini daidai. Kamarar salular da ke aljihunsa za ta wadatar a farko.