Kwamfutar da Ke Koyon Duba Hoton Ƙoda

Shirinmu na musamman na yau zai faro ne daga fadamar Dagona a ƙasar Bade, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka kowane hunturu.

Tsohon masunci a Dagona, da ya dubi fuskar ruwa, daga yadda take motsi yake gane inda kifi ya taru. Shekara da shekaru ya yi yana kallo kafin idonsa ya waye. To, irin wannan idon ake koya wa kwamfuta a yau, domin ta duba hoton cikin jikin ɗan Adam.

Mutanen Gashuwa da Nguru sun san ciwon ƙoda, sun yi jana'izar 'yan uwa da dama saboda shi, har cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe ta duƙufa binciken musabbabinsa. Mugun halinsa shi ne ɓarna a ɓoye. Kafin ƙafa ta kumbura, sau da yawa aikin gama ya gama, sai zancen wankin ƙoda.

Amma hoton sikanin yakan ba da alama. Lafiyayyar ƙodar babba takan kai tsawon santimita 9 zuwa 12, kuma ɓawonta yakan ɗan fi hanta duhu a hoto. Idan ciwo ya daɗe, sai ta motse, ta yi haske, zubin namanta ya sauya kamar tabarmar da saƙarta ta fara warwarewa.

Tun a 1973 wani masani a Amurka, Robert Haralick, ya fito da hanyar auna irin wannan saƙa da lissafi: kwamfuta ta ƙirga yadda ɗigo mai haske da mai duhu ke maƙwabtaka a hoto. A 2012 kuma masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka nuna ƙarfin abin da ake kira koyo mai zurfi, inda ake nuna wa na'ura hotuna masu ɗimbin yawa har ta zaƙulo alamomin da kanta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan manhaja wajen neman tarin fuka a hoton ƙirji.

Sai dai fa, na'ura abin da aka nuna mata shi ta sani. Wadda ta koyi aiki da hotunan Turawa na iya yin kuskure a kan manomin Bade. Shi ya sa muke fatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, su haɗa hannu su tattara hotunan mutanenmu, da yardarsu, tare da kare sirrinsu. Hukuncin ƙarshe kuwa yana hannun likita, bayan gwajin jini da na fitsari.

Kafin wannan fata ya cika, jama'a, mai hawan jini da mai ciwon suga, a daure a je asibiti a duba ƙoda tun jiki na da ƙwari. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mu kwana lafiya.