Kafin A Jefar Da Adafta, A Binciki Caja

Tun daga shekarar 2012, lokacin da Eben Upton da abokan aikinsa na birnin Kambirij a ƙasar Ingila suka fito da ƙaramar kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi, wadda faɗinta bai wuce na katin banki ba, suka kuma yanka mata kuɗi dala 35 domin 'yan makaranta su sami abin koyo, ta yi ta yaɗuwa a duniya har ta iso hannun ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin fasaha, waɗanda da yawansu da ita suke harhaɗa aikinsu na shekarar ƙarshe. Na farkon ba su zo da waifai a jikinsu ba, sai a 2016 da aka fito da Pi 3, saboda haka mai tsohuwa, ko mai sabuwar da ke son ta jiyo sigina daga nesa, ba shi da makawa sai ya sayi 'yar adaftar nan da ake sokawa a kafar USB. To, a kan wannan adafta ne nake ganin ana tafka wani zalunci wanda ya kamata a yi magana a kansa.

Akwai wani yaron maƙwabcina, ɗalibi mai hazaƙa, da ya haɗa na'urar da za ta riƙa auna ruwan tankin gidansu tana aiko masa da labari a waya. Na'ura ta yi aiki, amma intanet ɗinta ba ya zama: ya haɗu da safe, kafin hantsi ya katse, a cire adafta a mayar ya dawo, a juya baya ya sake tafiya. Yaron nan bai yi wata-wata ba ya yanke hukunci cewa adafta jabu ce, ya koma kasuwa ya yi wa mai shago tijara, ya sayo wata, ita ma ta yi halin 'yar'uwarta, sai ya juya kan kamfanin layi yana ta Allah-ya-isa. Ranar da ya kira ni in gani, abin da na tarar shi ne Pi 3 a jone da cajar wata tsohuwar wayar mahaifiyarsa, wadda aka rubuta amfiya 1 a bayanta, da igiya siririya mai tsawon gaske da aka naɗe wuyanta da salatif, ga jar fitilar jikin kwamfutar tana ɗaukewa tana dawowa, ga kuma alamar walƙiya ruwan ɗorawa a kusurwar allo ta sama daga dama. Da na tambaye shi tun yaushe alamar nan take wurin, sai ya ce, "Ai Baba, tun ranar da na kunna ta take nan, na ɗauka ado ne." Subhanallahi! An bar jaki ana dukan taiki.

Alamar nan gargaɗi ce da masu ƙirar suka sa da gangan, kuma ba ta fitowa sai ƙarfin wutar da ke shiga ya faɗi ƙasa da kimanin bolt 4.63, alhali kuwa bolt 5 kwamfutar ke bukata. A sababbin manhajoji ma rubutaccen gargaɗi ne ke fitowa ɓaro-ɓaro. Masu ita sun bayyana cewa Pi 3 tana son caja mai amfiya 2.5, Pi 4 kuwa mai amfiya 3, kuma wannan bayani yana nan ga duk wanda ya ga damar karantawa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kwamfutar ba ta mutuwa idan wuta ta gaza mata kaɗan, sai dai ta rage gudu ta ci gaba da lallaɓawa, amma ita adafta ba ta da wannan juriyar, domin zuƙar wutarta ba daidai take ba a kowane lokaci: tana zaune lafiya in ba ta aika komai, da zarar ta tashi watsa saƙo sai ta fizgi wuta da ƙarfi, cajar da ba ta da ƙarfi ta kasa, wuta ta nutse na ƙiftawar ido, adafta ta suma ta farfaɗo, kafin nan kuwa haɗi ya riga ya tsinke. Ƙari a kan haka, dukkan kafofin USB na Pi 3 rabon wuta ɗaya suke ci, kimanin amfiya 1.2, don haka wanda ya jera musu fanka da ma'ajiyar bayanai da allon rubutu mai fitilu, sa'an nan ya liƙa adafta a ragowar kafar, bai bar mata abin da za ta rayu da shi ba.

Igiya kuwa ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi ɓarna. Mutum zai kashe dubban nairori a kan kwamfuta, amma in aka zo kan igiya sai ya laluba ƙarƙashin gado ya jawo wadda yara suka tauna, ko ya sayi ta cikin baro a bakin tasha saboda araha. Zaren jan ƙarfen da ke cikin irin waɗannan igiyoyi siriri ne ƙwarai, kuma gwargwadon sirantarsa da tsawonsa, gwargwadon wutar da ke salwanta a hanya. Lissafin ba shi da wuya: igiyar da turjiyarta ta kai om 0.3, in aka ja amfiya 2 ta cikinta, za ta cinye bolt 0.6, wato caja ta ba da bolt 5 cif, kwamfuta ta karɓi 4.4. Wayar hannu ba ta damu da wannan ba, tun da tana da batir, iyakarta ta daɗe ba ta cika ba, shi ya sa hujjar nan da ake yawan kafawa, wai "ai tana cajin wayata lafiya lau," hujja ce maras tushe. Kada kuma a yi saurin gaskata lambar da aka buga a bayan kowace caja, domin akwai marasa tsoron Allah da ke rubuta amfiya 3 a kan abin da bai iya ba da rabin haka. Abin da ya wajaba shi ne a nemi caja ta asali da aka yi domin kwamfutar, ko makamanciyarta daga hannun amintacce, da igiya gajera mai kauri. In na'urorin da za a jona suna da yawa, a sayi marabar USB mai tata wutar daban. In kuma gidan na janareta ne ko wuta mai rawa, kada a haɗa kwamfutar soket ɗaya da firji ko dutsen guga. Mai son tabbaci ya rubuta umarnin vcgencmd get_throttled, in amsa ta fito 0x0 babu laifin wuta tun da aka kunna, in ta fito da 0x50005, to, shaida ta tabbata.

Ban ce babu wasu sabubba ba. Wasu adaftoci, musamman masu ƙwayar Realtek a ciki, sukan yi barci don tsimin wuta su ƙi farkawa, maganinsu shi ne umarnin iw wlan0 set power_save off, a kuma sa shi ya riƙa gudana duk lokacin da aka kunna. Adaftoci biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya kan zo da ƙwaya daban-daban, sai a duba da lsusb kafin a ɗora manhajar da ke tafiyar da ita. Akwatin ƙarfe da bango mai kauri da kwanon rufi suna tare sigina, kafofin USB 3 masu shuɗin baki suna damun zangon gigahaz 2.4 da hayaniyarsu, kuma 'yar igiyar ƙari da za ta nisanta adafta daga jikin kwamfutar takan warware matsalar akwatin da ta hayaniyar. Wanda kuma wayarsa ce ke ba kwamfutar intanet, ya sani wayoyi da yawa suna kashe rabon da kansu in sun ga shiru.

Sai dai duk waɗannan bayan wuta suke zuwa, kuma ko su ɗin ma ba a bincikensu da gaggawa irin ta yaran yanzu, waɗanda za su sauya adafta da manhaja da mazauni a zama ɗaya, in abu ya gyaru ba su san dalili ba, in ya lalace ba su san mafari ba. A sauya abu ɗaya, a saurara, a rubuta abin da aka gani, sa'an nan a taɓa na biyu. Ina kuma roƙon malaman da ke duba ayyukan ɗalibai, da masu shagunan da ke sayar da waɗannan kwamfutoci, da kada su bar yaro ya fita da Pi a hannu sai sun ga caja da igiyar da zai jona mata.