Gyaran Ido da Leza: Ba Kowane Ido ke Ɗauka Ba

Wanda aka taɓa yi wa awon tabarau ya duba takardar da aka ba shi. In akwai lamba a ƙarƙashin CYL, da wata tsakanin 1 da 180 a ƙarƙashin AXIS, to yana da abin da likitoci ke kira astigimatizim. Galibi matsalar tana koniya, tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, wanda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Maimakon lanƙwasarsa ta zo daidai ta ko'ina, sai ya zama kamar bayan cokali, wani gefen ya fi wani tudu. Haske ba ya haɗuwa wuri guda. Shi ya sa rubutu ke yin dishi-dishi, na kusa da na nesa, fitilar mota kuma ta riƙa jan jela da dare.

A 1981 Rangaswamy Srinivasan da abokan aikinsa a kamfanin IBM na Amurka suka gwada wani nau'in leza a kan ragowar naman talotalo, suka ga yana zaftare nama ba tare da ya ƙona na kusa da shi ba. Wajejen 1990 likitan Girka Ioannis Pallikaris ya fito da aikin da ake kira LASIK. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a ɗaga siririn marfi a saman koniya, leza ya rage tudun da ke ƙasa, a mayar da marfin ba ɗinki. Kowane bugu yana ɗebe kusan kwatan maikiron, alhali kaurin koniyar duka bai fi rabin milimita da ɗan ɗoriya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar AXIS ɗin nan, domin ita ke nuna ta wace kusurwa tudun ya kwanta. Ana awo mutum yana zaune, aiki kuwa yana kwance ake yi, kuma da ya kwanta ƙwayar idon takan ɗan murɗe. In leza ya kauce da digiri 10, kusan sulusin gyaran ya tafi. In ya kai 30, an yi aikin baban giwa. Don haka injinan yanzu ke ɗaukar hoton zanen baƙin ido tun mutum yana zaune, su gwada da na kwance, sannan su bi motsin idon har a gama.

A ganina ranar awo ta fi ranar aiki muhimmanci. Akwai cutar keratokonos, wadda koniya ke sirancewa tana tsini, kuma da astigimatizim take fara nuna kanta. A rage naman irin wannan ido, sai ya ƙara ɓullowa, ganin ya lalace fiye da da. Yawan murza ido na cikin abubuwan da ake dangantawa da ita, ga shi kuwa a ƙasar Hausa yaran da ke tashi da ƙaiƙayin ido, farin idonsu ya rine, ba su ƙirguwa. Saurayin da lambar tabaransa ke canjawa kowace shekara, a fara ɗaukar taswirar koniyarsa da auna kaurinta. Wataƙila abin da yake bukata shi ne aikin ƙarfafa koniya da bitamin B2 da haske. Asibitin da ya sa ranar aiki ba tare da wannan awon ba, a nemi wani.

Ko aiki ya yi kyau, bushewar ido takan ɗauki watanni, kuma ƙurar hunturu ba ta ragawa. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko mai juna biyu. Wanda ya haura 40 kuma zai nemi tabaran karatu duk da haka, don wannan tsufan madubin cikin ido ne, inda lezan bai taɓa ba.