Sikanin da Bai Bar Sawu Ba

Tun da na'urar sikanin ta ƙanƙance har ana tura ta bakin gadon majinyaci, wasu ma irin Butterfly iQ a aljihu ake sa su a jona da waya, wata ɗabi'a ta samu gindin zama a ɗakunan gaggawa. Likita zai ɗora na'urar a kan cikin wanda ya yi haɗarin mota, ya duba ko jini ya taru a gefen hanta, saifa, mara ko kewayen zuciya, ya ce babu komai, ya wuce. Ba hoton da aka ajiye, ba ko layi ɗaya a fayil. A Amurka wasu likitoci na kiran wannan sikanin fatalwa, amma kowane asibiti da abin da yake nufi da sunan. Wani na nufin ba hoto ba rahoto, wani hoto ba rahoto, wani kuma rahoto ba hoto. Ciwo uku ne, maganinsu daban, kuma muddin suna ɗaya suke amsawa ba mai iya ƙirga su, balle ya gwada wannan asibiti da wancan.

Hujjar da ta fi gundurata ita ce wai ran mutum ake ceta, ina lokacin rubutu? Ajiye hoto danna maɓalli ne, rahoto kuwa yana iya jira ƙura ta lafa. Kuma jini ba lokaci guda yake taruwa ba. Cikin da ya fito lafiya da ƙarfe biyu yana iya cika da ƙarfe uku, to da me likitan tiyata zai gwada sabon hoton in na farko yana cikin ƙwaƙwalwar wanda ya tashi daga aiki? In kuskure aka yi, wa zai gano har ya gyara wa mai koyo? Ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki tun 2001, kuma can ba a biyan kuɗin sikanin sai da hoto da rubutaccen rahoto. Duk da haka, tsoron shari'a na sa wasu ƙin ajiye hoton.

Kai mai jinya, ka tambaya cikin ladabi ko an ajiye hoton da sunan majinyaci da lambar katinsa. Ka nemi a rubuta abin da aka gani da ƙarfen da aka duba. In za a tura ku wani asibiti, kada ku fita sai da takardar a hannu.